Ajin buga adinkira a Ntonso, yadda na same shi

Duk wanda ya girma a Kumasi ya san zanen adinkira ko da bai san sunansa ba. Ranar Asabar idan Tonawa, wato mutanen Asante, suka fito zaman makoki, an kafa rumfuna an jera kujerun roba, za ki ga dattawa sun yafa baƙi ko ja mai duhu, jikinsa duk tambura an jera su gida-gida. Mu 'yan Zango ratsawa muke mu wuce, mu ce zanensu ne na mutuwa, shi ke nan. Ni sana'ata ɗinki ce da ƙunshi a unguwar Aboabo, hannuna kullum cikin yadi da lalle yake, amma sai bana na zauna na ga yadda ake fitar da wannan baƙin daga jikin itace. Wani gidan masu sana'ar ne a Ntonso ke karɓar masu koyo, na kwashi ɗiyar yayana da yaran shagona muka je. Tun da na sa hoton mayafin da na buga, mata ke tambayata ko wurin ya kai a kashe masa kuɗin mota. Ya kai, amma da sharaɗi.

Zuwa ba wuya. Ntonso na kan hanyar Mampong, kusan kilomita 20 daga cikin gari. Turoturo, ƙaramar bas ta haya, za ki hau, ki wuce Tafo, Pankrono garin masu tukwane, Ahwiaa garin masassaƙa, Mamponteng, sai ga ki. Cunkoson Tafo ne kawai zai gwada haƙurinki, don haka ki yi sammako.

Sharaɗin shi ne, aji biyu ake yi a gidan, kuma ba wanda zai gaya miki sai kin tambaya. Akwai gajere, na baƙin da motar yawon buɗe ido ke saukewa: a nuna musu tukunya daga nesa, a miƙa musu tsirin ƙyalle da tambari, su danna sau uku ko huɗu, a ɗauki hoto, su koma mota kafin ruwan robarsu ya huce. Akwai kuma dogo, wanda ake farawa daga ɓawon itace a ƙare da yadi a shanya. Da muka iso, saurayin da ya tarbe mu ya nufi teburin ƙyallaye da mu kai tsaye. Na ce masa da Tonanci, ɗana, mu ba daga Amurka muka zo ba, daga Aboabo muke, kai mu wurin wuta. Ya yi dariya ya kira kawunsa. Idan kin karɓi gajeren kin biya kuɗin hoto ne, kuma hoton ma ba zai yi kyau ba don hannunki bai saba ba tukuna.

Kawun nan, wanda kowa ke ce wa Wofa, shi ne ajin. Dattijo ne mai ƙarancin magana, tafin hannunsa ya rine har ba a ganin layinsa. Bai yi mana lacca ba. Tulin ɓawo ya nuna mana a gefen bango, ja-ja, mai kaushi, ya ce kowa ya ɗauka ya shinshina. Su suna kiran itacen badie. Ina ɗagawa na gane shi, kirni ne, wanda kakata ke jiƙawa a wanke wa yaro baki idan ya yi ƙuraje. A dajin arewa itacen ya fi yawa, daga can ake ɗauro ɓawon a buhu a kawo musu. Wato rinin da Batone ke yafawa ya je jana'izar uwarsa, daga ɓangaren da kakanninmu suka biyo yake zuwa.

Aikin kansa na ƙarfi ne. Ana kankare bayan ɓawon, a jiƙa shi ya kwana ya yi laushi, sannan a zuba a turmi. Nan yarana suka ɗauka wasa ne, tun da duk sun iya dakan sakwara, sai ga shi ɓawo ba doya ba ne, taɓarya na dawowa da ƙarfinta ta girgiza kafaɗa. Ɗiyar yayana ta ce, "Gwaggo, wannan ai sai maza." Wofa ya nuna mata wata tsohuwa can gefe tana daka nata ita kaɗai tana hira da jikarta, ba ta ko haki. Yarinya ta koma kan turmi ba ta ƙara magana ba.

Bayan daka sai dafuwa. Ana zuba dakakken ɓawon a manyan gangunan ƙarfe a kan murhu, ya tafasa awanni, a tace, a zubar da tukar, a mayar da ruwan wuta. Ruwan farko ja ne tsararo, ba za ki ce zai taɓa zama baƙi ba. Haka za a yi ta ƙona shi yana ƙafewa, ana juye na wannan ganga a waccan, har ganga guda ta koma ɗan abin da bai cika kwano ba, baƙi ƙirin, mai sheƙi, yana bin cokali kamar maɗi. Suna kiransa adinkra aduro. Tun asali ana jefa kashin maƙera a ciki yayin dafuwar, su kan ce masa etia, don ƙarfen ne ke haɗuwa da ɗacin ɓawon ya ƙara masa duhu. Ba a wuni ɗaya ake gama wannan ba, saboda haka mu tukwane daban-daban muka gani, kowace a matakinta, ta yau da ta jiya da ta shekaranjiya. Wofa ya sa kowannenmu ya tsoma tsinke a kowace tukunya ya ja layi a farin ƙyalle, mu ga bambancin da idonmu. Wannan ɗan abin ya fi duk wani bayani da aka yi mana ranar. Layin farko ya bazu ya yi lema, na tsakiya ya tsaya amma fari-fari, na ƙarshe ya hau kan yadin ya zauna daram, har kina jin tudunsa da yatsa bayan ya bushe.

Hayaƙi fa akwai shi. Rumfar kwano ce ba iska, itacen kuma ɗanye-ɗanye. Mai asma ko mai goyo ta tsaya daga bakin ƙofa. Kuma kada ki sa mayafinki na fita kunya, warin zai bi ki har gida.

Tamburan daga ƙwarya ake sassaƙa su, mai kauri, irin wadda ba a cika samu a kasuwa yanzu ba. Ana yanka sakaina kamar faɗin tafin hannun yaro, a zana siffar, a ƙwaƙule gefe da 'yar wuƙa, sannan a soka tsinkaye a bayanta a haɗe kawunansu a ɗaure da ƙyalle, shi ne mariƙi. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne, tun da ƙwarya a lanƙwashe take, tambarin ma a lanƙwashe yake. Ba dannawa ake yi a ɗaga ba. Gefe ɗaya za ki ɗora, ki mirgina shi zuwa ɗaya gefen, ki ɗauke ba tare da kin ja ba. Kafin nan kuma sai kin tsoma, kin yarfe sau ɗaya a bakin kwano, don idan rinin ya yi yawa siffar za ta toshe, idan ya yi kaɗan tsakiya za ta fito fayau. Wofa bai taɓa cewa "ba haka ba". Hannunki yake kamawa ta wuyan hannu, bayan ya nemi izini, ya mirgina tare da ke sau biyu, ya sake ki. Da na ce masa ni a bar ni in kalla kawai, sai ya kira 'yarsa ta riƙe nawa, bai nuna ya ji wani abu ba. Na yaba wannan ƙwarai.

Kafin tambari akwai layi. Ana shimfiɗa yadin a kan dogon katako mai soso, a kafe shi da ƙananan ƙusoshi, a ɗauki wani matajin katako mai haƙora kaɗan a tsoma a rini a ja, layuka su fito jere. Da su ake raba yadin gida-gida, kowane gida da tambarinsa. A nan masu ɗinki suka fi kowa, don idonmu ya saba da miƙaƙƙen layi. Babbar yarinyar shagona ta ja nata ba awo ba alli, Wofa ya dube ta ya ce da ni, "Hajiya, wannan ki bar mana ita." Shi ne dogon zancen da ya yi duk ranar.

Yawancin siffofin daga daji da gona da tsakar gida aka ɗauko su, kuma a nan ne ajin ya yi mini daɗi sosai, don ba a takarda aka nuna mana su ba. Da aka zo kan aya, yaron gidan ya je jikin bishiyar kwakwar manja ya tsinko tsiron nan mai ganye tsaga-tsaga da ke fitowa a saƙon da ba ƙasa ba taki, aka ajiye shi kusa da tambarin. Ma'anarsa juriya, kuma da kin ga inda yake tsirowa ba sai an fassara miki ba. Akwai ƙahon rago, akwai sawun kaza, wadda ke taka 'ya'yanta amma ba ta kashe su, akwai saƙar gizo-gizo, akwai kada da ke zaune a ruwa amma iska yake shaƙa, akwai wata da tauraro, akwai ƙwayar itacen wawa, wanda kafintoci suka san katakonsa. Masu sassaƙar farko ba su kwafi abin yadda yake ba, sun rage shi ne har ya zama layi uku ko huɗu da za su iya fita a jikin sakaina. Mai ƙunshi ta san wahalar wannan. Zana fure da duk ganyensa abu ne mai sauƙi, rage shi ya zauna a kan yatsa kuma a gane shi, nan gwaninta take.

Biyu daga ciki sun taɓa ni ta wani wajen. Ɗaya bese saka, huhun goro, alamar arziki da yalwa. Kakana bafatake ne, goro ya kawo zuriyarmu ƙasar nan, ta Salaga, zamanin da ake cewa an tafi Gwanja. Ga shi abin da ya ɗauka a kai ya zama tambarin wadata a zanen masu ƙasa. Ɗayan kuma nsaa, sunan wani bargo ne mai tsada da ake kawowa daga arewa, kuma karin maganarsa shi ne wanda bai san na ainihi ba jabu zai saya. Su biyun na buga a mayafina, da aya a gefe-gefe. Wadda ke da damuwa da siffofin da suka shafi addinin gargajiyarsu, kamar Nyame dua, ba wanda zai tilasta mata. Tamburan na cikin faranti, ke za ki zaɓa, kuma idan kin tambayi ma'ana za a gaya miki gaskiya.

Inda gidan ya yi rauni shi ne tarihi. Saurayin nan mai tarbar baƙi yana da hadda guda da yake rerawa kowa: wai sarkin ƙasar Gyaman, maƙwabciyar Asante, mai suna Adinkra ya ƙera kujerar zinariya irin ta Asante, aka yaƙe shi aka kashe shi, daga nan aka samo zanen. Yana faɗa yana duban hanya ko wata mota ta tsaya. 'Yar Wofa ce, wadda ta karanta zane-zane a jami'ar KNUST ta Kumasi, ta gyara zancen da muka zauna cin abinci. Ta ce yaƙin Gyaman a 1818 aka yi shi, zamanin sarkin Asante Osei Bonsu, alhali wani Baturen Ingila mai suna Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817 ya tafi da zanen adinkira, yana nan har yau a British Museum a Landan. To yaya zane zai riga yaƙin da aka ce shi ya kawo shi? Ta ƙara da cewa akwai masana da ke ganin raba yadin gida-gida yana da alaƙa da hatimi da layun malaman Musulmi da ke fadar Kumasi a wancan zamani. Ba ta ce tabbas ba ne, ni ma ba zan ce ba. Amma duk wadda ta taɓa ganin rigar yaƙin sarakunan Asante, batakari mai ɗauke da layu har ba a ganin yadin, ta san malamanmu ba baƙi ba ne a fadar. Da ni ce mai gidan, ita zan ba wa bakin ƙofa, saurayin ya koma kan turmi.

Ita ɗin ce ke da rabin ajin na yamma, kuma wannan ba adinkira ba ne, nata ne na kanta. Ta ba kowa kwando ta ce mu zaga bayan gida mu tsinko ganyen da ya burge mu. Muka dawo da na rogo, na gwanda, na darbejiya, na koko, da wani faffaɗa na itacen tik. Ta koya mana shafa tawada a bayan ganye, ba gabansa ba, don a baya jijiyoyin suka fi tashi, a kifa a takarda ko yadi, a rufe da tsohuwar jarida a murza da bayan cokali. Na gwanda ya fi kowanne kyau amma yana yagewa, na darbejiya ƙanana ne masu tsafta, sun dace da bakin hannun riga. Na koko bai ba da komai ba, santsinsa ya yi yawa. Ɗanyen tohon tik kuwa ko tawada ba ya so, kina murza shi ja ke fita.

Sai ta fito da tukwanenta ƙanana, a nan ne ni da ita muka koma abokan hira maimakon malama da ɗaliba. Ta dafa karan dafi, wanda muke jefawa a waake, dafa-dukan shinkafa da wake, ya yi ja, ta tsoma yadin da ta riga ta jiƙa a ruwan alif, ya fito ja mai sanyi. Ɓawon albasa ya ba da ruwan ɗorawa. Zoɓo ya ba da kalar da yarana suka yi ta ihu a kai, sai ta ɗiga ruwan kanwa a gefe, nan take wurin ya juya ya yi shuɗi-shuɗi mai datti, ta ce haka sabulu zai yi masa, kada mu yaudari kowa da shi. Ta tsoma ƙyallen albasar a ruwan tsatsar ƙusa ya koma kore mai duhu. Na ce mata ta gwada bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, za ta ga baƙin da ƙarfe zai fitar. Ba ta san ta ba, ta rubuta sunan a littafinta, na yi mata alkawarin aiko mata daga wurin masu magani. Malamin da ke rubuta abin da ɗalibi ya faɗa, ban cika gamuwa da shi ba.

Abin da ya rage mini armashin wannan ɓangaren shi ne lokaci. Muna tsaka da shi wata babbar mota ta sauke Turawa, gidan duk ya watse ya koma kansu, aka bar mu da ganye a hannu muna jiran a dawo. Tawadar da muka shafa ta bushe, sai da muka sake. Na fahimci su ne ke kawo kuɗin, amma mu ma ba kyauta muka zo ba, kuma ya kamata a ware mutum ɗaya da ba zai tashi ba.

Game da kuɗi, ba allo ba takarda, ciniki ake yi, kuma farashin farko da aka faɗa mana ya sauka da muka yi magana da Tonanci. Abin da muka biya kowane kai, har da yadin da muka buga, bai kai ɗinkin riga da zane na sallah a shagona ba. Ga wuni guda da malamai biyu, ban ga tsada ba. Ki daidaita komai tun farko: dogon aji ne, yadi nawa ne a ciki, na yamman yana ciki ko daban. In kina da yadinki ki tafi da shi, farin alawayyo ko akoko da aka wanke aka cire masa sitaci, na auduga zalla. Mai roba ba ya shan rinin. A ƙarshe za a bi da ku ta shagon gidan, kuma matsin saye ya ɗan yi yawa. Ki lura, galibin abin da ke rataye a wurin ba bugun ƙwarya ba ne, bugun rariya ne da fentin kanti, wanda yanzu ya cika Ntonso don ya fi sauri kuma yana jure wanki. Ba laifi ba ne, su ma ba su ɓoye ba da na tambaya, amma kada ki biya kuɗin wannan ki tafi da wancan. Na ƙwarya yana da sheƙi da tudu, siffofinsa ba sa zama daidai wa daida, kuma yana ƙanshin hayaƙi.

Rinin kirni ba ya son ruwa, wannan ki sani tun kafin ki ɗora shi a kan shaddarki. A saman yadi yake zama, ba ya shiga zare yadda baba ke shiga a karofi. Shi ya sa masu shi ba sa wanke zanen, shanya shi suke a inuwa su ninke su ajiye sai wata jana'izar. Na gwada wani tsiri a ruwan sanyi ba sabulu, baƙin ya sake ya bar inuwa ruwan ƙasa. Don haka ga mai tunanin kayan sayarwa, ya dace da abin bango, murfin littafi, jakar da ba a wankewa, ko mayafin kwalliya na rana ɗaya. Rigar yaro ko zanen ɗaurawa, a'a.

Akwai tambayar da na yi wadda ban gamsu da amsarta ba. Na ce wa Wofa, itacen da ake ɓare wa ɓawo haka, yana rayuwa? Ya ce masu kawowa ne suka sani. 'Yarsa ta ce idan gefe ɗaya aka ɓare yana warkewa, idan aka zagaye shi mutuwa yake, kuma buhu ya fi da tsada yanzu. Gidan da ke koya wa mutane ƙaunar ganye da ɓawo ya kamata ya san daga wane daji nasa ke fitowa da kuma wa ke ɓarowa.

Sallah ba ta ba mu wahala ba, an ba mu ruwa da wuri mai tsafta a inuwa muka shimfiɗa dardumarmu, amma ki tafi da butarki. Abinci ma ki ƙullo naki, mu waake muka tafi da shi. Makewayin gidan yana buƙatar gyara sosai, ki shirya wa wannan tun daga gida, musamman in da yara. Kada ki je ranar Asabar, rabin masu aikin suna wurin makoki, Lahadi kuma coci. Tsakiyar mako ya fi, kuma da rani, don yadin a rana yake bushewa, hadari na tasowa za a kwashe komai a shige ɗaki. Kafin ki hau mota ki sa a tambayar miki abu biyu: za a hura wuta ranar, kuma 'yar mai gidan tana nan? Idan ɗaya babu, ki ɗaga tafiyar zuwa wani makon.